Ranar da Mas'udu Ya Tarar da Zaman Makokinsa

Duk ƙasar Bungudu, in ana maganar mutumin da mutuwa ta sha lallaɓowa ta koma hannu banza, to Baba Mas'udu na Furfuri ake nufi. Kogi ya taɓa tafiya da shi da jakinsa, jakin ya wuce, shi ya fito riƙe da saiwar itace. Kububuwa ta sare shi a gonar gero, ya ɗaure ƙafa da mazagin wando, ya ƙarasa kunyar da yake nomewa kafin ya nemi magani. Mutanen daji, 'yan bindiga, sun taɓa kwashe shi tare da wasu manoma, ya dawo da ƙafarsa, ƙashi da fata, yana tambaya ko an ba shanunsa ruwa. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta ba zai gane shi ba, amma babu majalisar da zai zauna wani ya fi shi baki.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, ƙanensa Haliru. Uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu suka rage. Haliru a Gusau yake zaune, aikin gwamnati ya yi har ya ajiye. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu, Mas'udu ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya ce a kai ta makwancinta, bai jira ƙanen nasa ba. Haliru ya sauko daga mota ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta suna kakkaɓe ƙasa daga hannu. Nan ya tsaya a bakin zaure, a gaban kowa, ya rantse da Allah ba zai sake taka gidan nan ba sai ranar da za a fitar da gawar Mas'udu.

Shekaru suka yi ta wucewa, gemun kowa ya yi fari. In an tada maganar a majalisa, Mas'udu sai ya watsa hannu ya ce, "Shi tahi mana, wa ya riƙe shi?" Amma matarsa Rabi ta sani. Ta sha ganin duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya miƙa wuya. Abin da yake so bai fi ya ga Haliru zaune a zauren ubansu ba, ko da sau ɗaya, tun idonsa na gani. Sai dai a yanka shi kafin ya faɗa.

To, wata damina gwiwa ta matsa masa, ya tafi Bilbis wajen tsohon abokinsa Anas, mai haɗa maganin sanyin ƙashi. Ya sa shuɗiyar rigarsa mai aiki a wuya, wadda ko yaron goye a Furfuri ya san ta, ya kafa jar dararsa. A dawowa ya iso tashar Tsafe bayan la'asar, yayyafi na sauka. Mota ɗaya ta rage mai zuwa Gusau, don direbobi ba sa yarda rana ta faɗi suna kan wannan hanya. Ɗan kamasho ya ga furfura, ya ba shi gidan gaba, jikin ƙofa.

Yana shirin shiga sai ya hangi wani mutum tsugune a gindin katanga. Dattijo ne kamarsa, dogo, daga shi sai wando, ba riga ba takalmi, jikinsa na karkarwa. Mutane suna ta kewaye shi. Wani ya ce mahaukaci ne, wata mai awara ta ce a bi a hankali, irinsu ne ke kai wa mutanen daji rahoto.

Mas'udu dai ba a hana shi zuwa inda ya nufa. Ya taka har gabansa ya yi sallama.

"Bawan Allah, mi ya same ka?"

Mutumin ya ɗago, haƙoransa na haɗuwa. Ya ce daga wani ƙauye yake can ciki, ɓarayi suka tare shi a hanya suka karɓe babur da riga da duk abin da ke aljihunsa. 'Yarsa na kwance a asibiti a Gusau, an ce jini take bukata, shi aka aika wa ya zo.

Mas'udu ya kama wuyan rigarsa ya zare ta ta kai, ya zura wa mutumin, ya ɗora masa darar, ya rage daga shi sai singileti. Sannan ya kama hannunsa ya kai shi bakin motar ya buɗe masa gidan gaba.

Ɗan kamasho ya ce, "Baba, ka fa sani ba wata mota sai gobe."

"Ni da na kwana dajin mutanen can ba bargo, Tsafe ce za ta gagare ni? Rufe mishi ƙofa."

Mutumin ya leƙo ta taga yana ta addu'a, hawaye na bin gemunsa. Ko sunansa Mas'udu bai tambaya ba. Sai da motar ta ɓace ya shafa ƙirji ya tuna 'yar wayarsa tana aljihun rigar. Ba kuma lambar kowa a kansa, jikoki ne suka saita masa, shi dai ya san inda yake dannawa Rabi ta ɗauka. Ya ce ba komai, mai riga ya dawo da ita in ya ga dama. Ya hau babur na haya ya koma Bilbis.

A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwalbatin hanya ya karye. Mas'udu ya zauna gidan Anas yana shan magani, yana ba mutanen Bilbis labarin kububuwa. Da hanya ta samu, Anas ya ara masa wani kaftani da bai wuce masa gwiwa ba, ya kamo hanyar gida.

Da hantsi ya sauka a Furfuri. Tun daga nesa ya ga abin da ya tsayar da shi cak. An kafa rumfa a ƙofar gidansa, an baza tabarmi, butoci jere, maza zaune sun sunkuyar da kai. Hayaƙin manyan tukwane na tashi daga cikin gida.

"Rabi," ya faɗa a ransa. "Rabi ta tahi ba ni nan."

Ya dafa garu yana jan jiki. Dije mai fura ce ta fara cin karo da shi a kwanar lungu. Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa, ta saki ƙwarya ta tarwatse a ƙasa, ta kwasa da gudu tana ihu ba ko mayafi.

Bai kula ta ba. Ya ƙarasa bakin rumfar ya ce, "Salamu alaikum. Jama'a, yaushe ta cika?"

Babu wanda ya amsa sallamar. Kai ɗaya ya ɗago, sannan na biyu, sannan duka. Sai wuri ya yamutse. Wani ya tsallake mutum uku, wani ya yi karo da sandar rumfa har ta karkace, wani tsoho da kullum sai an kama shi yake tashi ya riga samari kaiwa bakin masallaci. Takalma suka rage birjik ba masu su. Liman Abdulaziz ne kaɗai ya kasa tashi, ya runtse ido yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Mas'udu ya tsaya baki buɗe. Can ya hangi Mansur, taubashinsa, maƙale a bayan bishiyar darbejiya yana leƙe. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai, farar rigarsa ta Sallah ce a jikin Mansur, har da takalmansa na fata.

"Kai Mansur! Uban wa ya ba ka rigata?"

"A'uzu billahi! Sadaka anka ba ni! Koma inda ka hito, ni ban ci maka komai ba!"

"Sadakar wa?"

"Taka mana! Da ni anka saka ka rami, ni na riƙe wajen ƙafa!"

Mas'udu ya ji kamar an kwaɗa masa taɓarya a ƙeya. Kafin ya samu abin faɗi sai ga Rabi ta fito daga zaure, mata na riƙe ta tana fizgewa. Ba ɗan kunne, ba kwalli, ta lulluɓe da tsohon zane irin na mai takaba. Ta zo daf da shi ta tsaya. Ta miƙa hannu ta kama kunnensa ta murɗa da ƙarfi.

"Wayyo! Ke lafiyarki?"

Ta juya wajen masu leƙe ta ce, "Shi ne. Ku dawo. Fatalwa ba ta warin man zafi." Sannan ta dubi Mas'udu. "Malam, ina rigarka?"

Daga faɗin haka ta sulale ƙasa zaune, ta rufe fuska da zane, kukan da ta yi ta yi kwanakin nan ya dawo sabo.

Mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na son ya taɓa shi amma yana jiran wani ya fara. Liman ya buɗe ido, ya share zufa, ya ce a ba shi ruwa. Da ya sha, shi ya warware wa Mas'udu zancen. Motar da ta taso daga Tsafe ran nan da yamma ta yi karo da babbar mota wajen Kwatarkwashi. Na baya sun ji raunuka, amma wanda ke gidan gaba jikin ƙofa ko shurawa bai yi ba, fuskarsa ma ba ta ganuwa. Aka laluba aljihunsa aka samu waya, aka danna, Rabi ta ɗauka. Da aka kawo shi, ga shuɗiyar riga, ga jar dara, ga tsawo, ga furfura. Wa zai ce ba shi ba ne? Yau ake addu'ar uku.

"Gidan gaba," Mas'udu ya maimaita a hankali. "Jikin ƙofa."

"Nan fa."

"Wurina ne. Ni na buɗe mishi ƙofar da hannuna."

Ya nemi tabarma bai kai gare ta ba, ya zauna a ƙasa daɓas. Mutanen Furfuri suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Baba Mas'udu ya rasa magana. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya sake juyawa. Da ƙyar ya ba su labarin mutumin tasha, guntu-guntu, ba ƙari ko ɗaya, shi da ko labarin siyan goro sai ya sa masa gishiri. Wuri ya ɗauki salati.

Sai a lokacin Mas'udu ya lura ban da Liman akwai mutum ɗaya da bai gudu ba, bai kuma matso ba. Yana zaune a bakin zaure, a kan buzun da ake shimfiɗa wa mai karɓar gaisuwa. Ya rame, ya yi furfura, ya sa tabarau, idanunsa sun kumbura sun yi ja. Amma goshin nan na ubansu ne.

Haliru ne.

Suka dubi juna, ba mai ƙiftawa. Haliru ne ya fara magana, muryarsa a dushe.

"Ni na wanke ka."

Haliru ya ɗaga hannunsa ya ci gaba.

"Da hannuna wanga. Da anka kira ni na ce kada wanda ya taɓa ka sai na iso. Na shiga da kai ɗakin Inna, na wanke ka, na sa maka likkafani. Ni na shiga rami na karɓe ka."

"Ba ka ga babu tabon kububuwa ba?"

"Na duba ban gani ba, na ce tsufa ya shafe shi. Rabona da ganin ƙafarka tun yaushe? Ta ina zan sani?" Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Har magana na yi maka ina zuba ruwa."

Mas'udu ya ɗan matso. "Mi ka ce?"

"Ba kai na gaya wa ba. Gawa na gaya wa."

Mansur, wanda ya riga ya fito daga bayan darbejiya, ya ce, "Ni dai na ji daga bakin ƙofa, kuka yake yana Yaya ka yafe..."

"Rufe mana baki, ɓarawon riga!" in ji su biyun a tare.

Wasu suka yi dariya, irin wadda ke fita bayan tsoro. Amma Haliru bai yi ba. Ya miƙe, ya naɗe buzun ya jingine, ya shiga duba takalmansa a cikin tulin da aka watsar. Dariyar ta mutu. Kowa a wurin ya san rantsuwar, da yawansu a gabansu aka yi ta.

"Ina za ka?" in ji Mas'udu.

"Gusau. Na ce sai ranar da za a fitar da gawarka. Ba taka anka fitar ba. Na shiga gidan ga bisa kuskure, Allah ya gani. Yanzu da na sani, ba ni ƙara taka shi."

Ya samu takalmi ɗaya ya zura. Rabi ta ɗago daga inda take zaune ta ce, "Haliru, don girman Allah." Bai waiwaya ba, yana ta neman ɗayan.

Mas'udu ya dubi bayan ƙanensa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, kaftanin aro na reto a gwiwarsa.

"To tahi," ya ce da ƙarfi. "Amma ka sani, in jana'izata kake jira, ka daɗe. Ka dai gani da idonka. Mutuwa ta zo har kujerar da zan zauna ta tarar na tashi. Wallahi kai za ka riga ni, kuma ni ban yi rantsuwa ba, har ɗakinka zan shiga in wanke ka."

Ya so ya ƙara wata, muryar ta ƙi fita yadda ya saba. Abin da ya fito ƙarami ne, kamar ba daga bakinsa ba.

"Zauna mana, Haliru."

Haliru ya tsaya, takalmi ɗaya a ƙafa, bayansa na kallon yayansa. Kafaɗunsa suka motsa. "Da Allah na rantse, Yaya. Ba da kai ba."

Liman Abdulaziz, wanda hankalinsa ya gama dawowa jikinsa, ya yi gyaran murya.

"Malam Haliru, in tambaye ka. Shinkafar da ke kan wuta cikin gidan nan, wa ya kawo ta?"

"Ni."

"Man fa, da ragon?"

"Ni na kawo. Sadakar ɗan'uwana ce."

"To ɗan'uwanka ga shi tsaye yana zagin mutane, ba ya bukatar sadaka yau. Shi kuwa wanda ya yi rantsuwa, ya ga barinta ya fi alheri, abin da ke kansa shi ne ya ciyar da miskinai goma. Abincin nan ba a kwashe ba tukuna. Dubi bakin masallaci, mabukata sun fi goma suna jira tun safe. Niyya kawai za ka sauya, kafin a sauke tukunya. In an riga an raba, sai ka sake sayen wata."

Haliru ya dubi masallacin, ya dubi hayaƙin, ya dubi zauren.

"Shi kuma bawan Allah da ke kwance a ramina fa?" in ji Mas'udu. "Shi ke nan ba shi da sadaka?"

"Wagga kuma taka ce," in ji Liman. "Ya samu sallar mutanen da ba su san shi ba, sahu har bakin titi. Sauran kai za ka yi mishi. Kuma akwai yarinya a asibiti da har yanzu take jiran ubanta."

Haliru ya juyo a hankali. "Wane asibiti ya ce maka?"

"Asibiti dai. A Gusau."

"Asibiti dai! Ka san ko nawa ne a Gusau? Sunanshi fa?"

"Ban tambaya ba."

"Garinsu?"

"Can ciki."

Haliru ya riƙe haɓa yana kallonsa. "Ka ba mutum riga da hula da waya da kujera, ba ka san sunanshi ba. Wallahi Yaya ba ka sake ba. In an bar ka kai ɗaya cikin Gusau, kai ma sai an yi cigiyarka." Ya ja dogon numfashi. "Gobe da safe mu tahi tare, ɗaki-ɗaki za mu bi har mu same ta. In jinin ne har yanzu, sai a duba cikin 'ya'yana."

Ya sunkuya ya zare takalmin nan guda ya ajiye. Ya rufe ido, leɓensa ya motsa kaɗan. Da ya buɗe sai ya ɗaga murya wajen cikin gida.

"Ku sauke! A fara kai wa na bakin masallaci, a cika musu kwano!"

Rabi ta tashi da sauri tana gyara zane, tana kuka tana dariya, ta yi ciki tana kiran mata. Haliru ya ɗauki buzun da ya jingine. Ya tsaya a bakin zaure kamar mai auna zurfin ruwa, sannan ya yi bisimilla ya sa ƙafar dama ya shiga.

Mas'udu ya bi bayansa da ido. Jama'a suka yanyame shi, wannan ya taɓa kafaɗa, wannan ya kama hannu, masu cewa barka da masu cewa ya haƙuri duk a haɗe, don ba wanda ya san gaisuwar da ta dace. Shi ko jinsu ba ya yi. Ta tsakanin kawunansu yake leƙen cikin zauren, inda ƙanensa ya shimfiɗa buzu ya zauna ya miƙe ƙafa.

Daga ciki muryar Haliru ta fito, a dushe, da faɗa-faɗa a cikinta.

"Yaya! Ka shigo mana, ko sai na fito na ɗauko ka a makara?"

Baba Mas'udu ya ture mutane ya shiga.